Kalmar da Samira Ta Ɓoye wa Kawu

Gidan Rumji, 6 ga Oktoba

Zuwa ga taubashina Aminullahi,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Farida da yara. Mu nan sai godiyar Allah. An koma lakol makon jiya, an ɗora mani aji huɗu na Ingilishi, kowane aji ya haura mutum tamanin, muryata har ta fara dushewa. Kafin in taho na yi hutuna duka a Gidan Jaye. Kawu Ɗan Bala yana nan da sauƙi, ƙafar ce dai, sai da sanda yake fita ƙofar gida. Gero ya yi kyau bana, ƙanenka Rashidu ya fara yanka.

Za ka yi mamakin ganin takarda da bik, rubutun hannu, a wanga zamani. Kar ka fasa kai, ba gata na yi maka ba. Saƙon murya ba shi da sirri, kuma abin da zan faɗa bakina ya ƙi ɗaukarsa. Na rubuta, zan ɗauki hotonsa in aiko maka, in goge.

Ranar da bidiyon rantsuwarka ta zama ɗan Amurka ya iso, Kawu na zaune gindin bedi da dattawa, kamar yadda maigari ya saba. Rashidu ya kai mashi wayar. Aka gan ka cikin kwat, hannu a sama, ga 'yar tuta. Kawu ya ce, "A kira mani Samira, ai don irin wannan rana muka kai ta lakol." Na zo na durƙusa, aka maido bidiyon daga farko. Na ji ka da kunnena kana rantsuwa cewa ka barranta gaba ɗaya daga biyayya ga duk wani sarki, ko mai mulki, ko ƙasa da ka taɓa zama ɗanta. A ciki akwai kalmar nan, abjure. Na san ta tun ina jami'a a Yamai. Mutum ya fi ashirin suna kallon bakina.

Sai na ce, "Kawu, cewa ya yi zai kiyaye dokar ƙasar da ta karɓe shi, ya zauna lafiya da maƙwabta." Kawu ya ce, "Shi ke nan? Na ga maganar da tsawo." Na ce, "Haka Ingilishi yake, Kawu, zagaye-zagaye gare shi." Aka yi dariya. Ya tambaye ni amfanin takardar, na ce yanzu kana iya zuwa gida duk lokacin da ka so. Wannan kam gaskiya na faɗa. Ai kuwa sai Kawu ya ɗaga hannu ya yi hamdala, ya ce, "To ku shaida. In an gama kaka zan kai sunan Aminullahi gidan sarkin kanto, uban ƙasarmu, a Agye, shi ne wakilina, shi ne magajina. Ni na gaji." Aka raba goro.

Da na dawo nan na buɗe babban ƙamus, ina roƙon Allah ya sa ni ce na manta ma'anar. Ina! Ba kalma ba ce ta barin goro ko barin shayi. Ana faɗinta ne in mutum ya tsaya gaban hukuma, gaban shaidu, ya rantse ya rabu da abu har abada: aƙidarsa, ko sarkinsa, ko ƙasarsa. Ƙamus ɗin ya ce a zamanin da akan tilasta wa mutum ya bar addininsa da ita gaban alƙalai, kuma wanda za a kora daga ƙasa da ita yake rantsuwa ba zai sake dawowa ba.

Na yi wa Kawu ƙarya a gaban jama'a, Aminullahi. Tun ranar ban iya haɗa ido da shi ba. Ka faɗa mani yadda za mu yi.

Ka gaida Farida.

Taubashiyarka,
Samira

Girinsboro, 9 ga Oktoba

Zuwa ga baiwar gidanmu, Madam Samira,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya lau, sanyi ne ya fara leƙowa. Na ji daɗin labarin gero. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi, ke kuma ya maido maki da muryarki, ko da yake 'yan lakol ba za su ce amin ba.

Na karanta takardarki sau biyu a cikin mota, na faka a bakin hanya. Wato ke ma kin shiga sahun masu cewa duk wanda ya ƙetare ruwa ya bar salla? Mene ne na kawo maganar barin addini gaban alƙalai? Wallahi raina ya ɓaci. Ranar ma da alwalata na shiga zauren.

Mu saba'in da uku ne aka rantsar, har da wata tsohuwa 'yar Somaliya da carbi a hannu. Ana faɗi muna maimaitawa, kamar karatun 'yan aji ɗaya. Kalmar da ta hana ki sukuni kuwa, shekarata goma sha uku a ƙasar nan ban taɓa jin ta a bakin mutum ba, ba a kasuwa ba, ba wurin aiki ba. Tsohuwar magana ce ta takarda. Fasfona na Nijar yana nan cikin akwati, ba wanda ya ce in miƙa shi. Na yi abin nan ne don kada a wayi gari wata rana a kore ni a bar mani yara ba uba. Wannan laifi ne?

Abin da kika faɗa wa Baba daidai ne, Allah ya yi maki albarka. Mutum mai hawan jini ba a jefa mashi kowace magana. Ki bar kaza cikin gashinta. Maganar sarauta kuma ba yau ya fara ba, tun ina saurayi yake yin ta. Za a gama kaka, a shiga wata hidima, ta wuce.

Ki ajiye ƙamus ki ci abinci. Karatu ya yi maki yawa, shi ya sa kike ganin maciji a igiya.

Ubangidanki,
Aminullahi

Gidan Rumji, 11 ga Oktoba

Aminullahi,

Sallama. Lafiyata ƙalau, na ji taku. Yau babu wasan taubasai, ka riƙe baiwarka.

A ina na ce ka bar salla? Koma ka karanta. Ma'anar kalma na kawo maka yadda take a ƙamus, kai kuma ka tsinci wadda ta fi maka sauƙin fushi ka rungume, don kada ka amsa ainihin tambayar. Na san halinka tun muna kiwon awaki, in an kama ka sai ka riga mai kamun kuka.

Ka ce ba a jin kalmar a kasuwa. Ai shi ya sa take da nauyi. Rawanin Kawu ma ba kullum yake naɗa shi ba, ranar da ka gan shi a kansa ka san akwai magana.

Kuma ba za ta wuce ba. Jiya Innarku ta kira ni, ta ce Kawu ya riga ya aika Agye a ba shi rana.

Bari in gaya maka abin da ban rubuta ba a takardar farko, don kunya ta hana ni. Lokacin da Kawu ya ambaci sunanka, Rashidu ne ke tsaye bayansa riƙe da wayar. Shekara tara ke nan shi ke aikin garin nan. In shanun Fulani sun faɗa gona, shi ke zuwa tun rana ba ta yi zafi ba ya duba ɓarna, ya zaunar da kowa. Shi ke bin burtali kowace damina ya ga ba wanda ya ci iyakar hanyar dabbobi. Fulanin da ke sauka gabas da gari ba su san wani maigari ba sai shi. Ko fuskarsa ba ta canza ba. Da aka raba goro shi ya zagaya da faranti.

Da yamma ya same ni ina tankaɗe, ya tsuguna ya ce, "Yaya Samira, mun gode. Mu da ba mu yi lakol ba, ba don ke ba da sai dai mu kalli hoto." Sannan ya roƙe ni in rubuta mashi barka da arziki da Ingilishi a tafin hannu, ya kwafa ya aiko maka, wai don ka ga shi ma ya iya. Na rubuta mashi. Ka tuna saƙon? Ni na rubuta shi, da hannun nan.

Ƙaryata ba Kawu kaɗai ta rufe wa ido ba, ta ɗauke abin da ya kamaci Rashidu ta ajiye wa wanda ba ya nan. To ka amsa mani abu ɗaya tsakaninka da Allah. Za ka dawo Gidan Jaye ka zauna gindin bedi kana shari'ar akuya da kaza? In za ka dawo, na yi shiru har kabarina. In ba za ka dawo ba, ka faɗa.

Samira

Gidan Rumji, 2 ga Nuwamba

Aminullahi,

Sallama. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Mako uku ke nan. Wayata ta nuna mani ka buɗe takardar tun ranar da na aiko, don haka kar ka ce rezo ne ya yanke, saƙon bai iso ba.

In maganata ce ta yi zafi, ka yi haƙuri da zafin, amma ban janye tambayar ba. Na kira Farida, ta ce kana lafiya, ka dai rage magana.

An ba Kawu rana, Asabar 22 ga wata. Ya sa an ɗinka mashi sabuwar riga. Inna ta ce yana ta tambayar ko ka faɗi watan da za ka iso.

Shekaranjiya na kama wata ɗaliba ta yi mani ƙarya kan aikin gida. Na tsayar da ita gaban aji na fara yi mata faɗa, ina cewa mai ƙarya ba ya da daraja. Sai na tuna da tawa ƙaryar. Na ce ta koma ta zauna. Yara suka yi ta kallona.

Ba zan iya kai wannan kaya har 22 ga wata ba. In ban ji daga gare ka ba, ran 14 zan hau mota in tafi in faɗa wa Kawu rabona na laifin, cewa ban fassara mashi daidai ba. Zai tambaye ni daidai ɗin, kuma ka san wannan karon zan faɗa. Na fi so ya ji daga bakinka.

Samira

Girinsboro, 8 ga Nuwamba

Samira 'yar'uwata,

Wa alaikumus salam. Jikina lafiya, Farida da yara suna gaishe ki. Ba fushi ya hana ni rubutu ba. Na fara takardar nan ya fi sau goma ina yagawa.

Amsar tambayarki ita ce a'a. Ba zan dawo in zauna ba. Zan zo ganin gida, in Allah ya yarda, amma yarana nan suka tashi, Hausarsu ma sai a hankali, ni kuma ban san iyakar gonar kowa ba yanzu. Na daɗe da sanin haka. Duk lokacin da Baba ya ɗauko maganar a waya sai in ce "in sha Allahu", in sauya zance. Shekara da shekaru ina ɓuya bayan sunan Allah.

Na kuma yi maki ƙarya a takardata. Na san kalmar sarai. Wata biyu kafin ranar aka ba mu rantsuwar a rubuce, na bi ta kalma-kalma a waya, na ga abin da kika gani a ƙamus. Da na zo wurin da aka ambaci sarki, Baba na gani zaune kan buzunsa. Na yi niyyar in motsa leɓe kawai in an zo wurin, kada in fitar da murya. Da aka zo, sai na ji muryata ta fita, har ta fi ta na kusa da ni. Ba wanda ya tilasta mani. Tsoro ne da son abin da na zo nema.

Saura mafi muni, kuma shi ya hana ni rubutu. Da zan aika bidiyon, na san kina Gidan Jaye kina hutu. Na san ke za a kira. Na kuma san ba za ki tona ni gaban mutane ba. Na so Baba ya ga kwat da tuta ya yi alfahari, ba tare da ya ji abin da na faɗa ba, sai na bar maki ɗaukar ƙaryar. Ban zaci zai yi maganar sarauta a take ba, amma wannan ba hujja ba ce. Na yi amfani da kunyarki, Samira. Ban san da wane baki zan ce ki yafe mani ba.

Ga takarda zuwa ga Baba a ƙasa. Da Hausa na rubuta don kada a nemi mai fassara. Na gwada kiransa sau biyu, da na ji sallamarsa sai in tsaya ga gaisuwa. Ki karanta mashi yadda take, Rashidu na wurin, kar ki tausasa ko harafi ɗaya.

"Baba, ina gaisuwa, ina neman gafara. Rantsuwar da ka gani, ba ta zaman lafiya da maƙwabta ba ce kawai. Na ɗaga hannu gaban hukuma na ce na barranta daga biyayya ga kowane sarki da kowace ƙasa in ba wannan ba. Na san ma'anarta kafin in faɗa. Samira ta rufa mani asiri ne, laifin nawa ne. Ba zan iya riƙe Gidan Jaye ba, kuma ban cancanta ba. Rashidu ne ke riƙe da shi tun tuni. Ɗanka, Aminullahi."

Na gode, ko ba ki amsa ba.

Aminullahi

Gidan Rumji, 18 ga Nuwamba

Aminullahi,

Assalamu alaikum. Na dawo jiya lafiya. Kawu lafiyarsa ƙalau, na sa an auna jininsa kafin in taho, bai hau ba. Na fara da wannan don na san shi za ka fara nema.

Da na karanta takardarka na yi kwana biyu ban ko son jin sunanka. Ban yafe maka ba tukuna, ban kuma yafe wa kaina ba, don kai ka dasa tarkon amma ni na zaɓi in taka. Mu bar wannan sai wani lokaci. Ga abin da ya faru.

Ran Juma'a bayan an tashi lakol na hau mota zuwa Maraɗi, daga can Cadawa, na ɗauki kabu-kabu zuwa gida. Da safiyar Asabar na ce wa Kawu ina da magana, a kira Rashidu. Muka shiga zaure mu uku. Na fara da nawa, na ce, "Kawu, ranar nan ban fassara maka gaskiya ba." Na karanta takardarka daga farko har ƙarshe, ban tsallake komai ba, kaina a ƙasa.

Da na gama ya ce, "Kalmar, faɗa mani ita da bakinsu." Na faɗa. Ya ce, "To yanzu fassara." Na fassara mashi duka, da shaidun, da hukumar, da har abadan. Ya ce, "Hannun dama ya ɗaga?" Na ce e. Ya gyaɗa kai.

Rashidu ne ya yi magana, kuma kare ka ya yi. Ya ce, "Baba, ai maganar takarda ce, kowa haka yake faɗa a can. A bar wa Yaya abinsa, ni ina riƙe mashi har ya zo." Kawu ya ce, "Rantsuwa ba ta da ta takarda da ta baki, Rashidu. Kuma ba rantsuwar ta raba shi da garin nan ba, ya ce ba zai zo ba. Tashi ka sa a gaya wa masu gida ina neman su bayan la'asar."

Na yi zaton zai yi mani faɗa in Rashidu ya fita. Wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai kawai ya tambaye ni ko na karya kumallo.

Bayan la'asar gindin bedi ya cika, har Fulani sun zo. Ni ina daga bakin zaure tare da mata. Kawu ya dafa kafaɗar Rashidu ya miƙe tsaye. Ka san shekara talatin da ɗaya yana maigari, ba a taɓa jin ya faɗi magana ya dawo ya lashe ta ba, da shi ake misali har garin Gazawa. Ya ce, "Jama'a, maganar da na sa ku shaida da damina, yau na janye ta a gabanku. Aminullahi ya yi nisa, aikinsa da iyalinsa suna can, ba zai samu zama ba. Ranar nan 'yata Samira ta fassara mani daidai. Kunnena ne ya tsufa, na ji abin da raina ke so."

Aminullahi, mutanen da ke zaune nan su ne waɗanda suka ji abin da na faɗa ranar, har suka yi dariya. Sun san ba kunnensa ba ne. Ba wanda ya musa mashi. Liman Abdulrahaman ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da kai ƙasa. Tsohon da bai taɓa ƙarya gaban jama'a ba ya yi ta don ya rufe tawa, bai kuma ambaci rantsuwarka ba ko da kalma ɗaya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ja mayafi na rufe fuska, hawaye na zuba, matan da ke kusa suna tsammanin na tausayi ne.

Daga nan ya ce in sun yarda, sunan Rashidu zai kai Agye ran Asabar. Suka ce sun yarda tun bai rufe baki ba. Rashidu ya kasa ɗaga kai.

Jiya da safe na je yi mashi sallama. Na durƙusa na ce ya yafe mani. Ya ce, "Tashi, mota za ta bar ki." Na kai bakin ƙofa ya kira ni, ya ce in zan rubuta maka in sa maka saƙonsa, kuma wannan karon in faɗa yadda ya faɗa. To ga shi, ban ƙara ba, ban rage ba:

"Ki ce mashi ya kira ni ran Juma'a kamar yadda ya saba, ya daina tsayawa ga gaisuwa. Shi ya ɗaga hannu ya ce ya bar mu. Ni ban ɗaga nawa ba."

Samira